Buhun Ƙyalle

Ranar Litinin nakan bi layin teloli
a bayan Babbar Kasuwa.
Lawali ya turo mini buhu da ƙafa,
idonsa bai bar bakin allura ba.
Dala ɗari. Wata rana kyauta,
in kuran ya ɗauke, hira ta yi daɗi.

A Bagalam nake zazzage shi kan tabarma.
Ni ba ruwana da rediyo,
buhun nan ya fi kowa sanin halin da gari ke ciki:
wa ya yi biki, wace anko ta ci kasuwa,
wane launi aka daina gaisarwa a hanya.

Sa'ad da Inna Cima ta koya mini haɗi
atamfa tana da nauyi, tana da ƙamshin baba.
Ja ya zauna kusa da kore, babu mai jin kunya,
ruwan ɗorawa ya ratsa tsakani kamar mai raba faɗa.
Takan ce, bargon da bai yi surutu ba
ba ya ɗebe wa mai barci kewa.

Daga baya bazan ta zo da ƙyalli da taurin kai,
ta karya mini allura uku a dare guda.
Leshi ya biyo ta, duk huji, sanyi na shiga ta taga.
Shekarar zaɓe kuwa buhu ya cika da fuskoki,
na yanka wani ɗan takara gida huɗu,
kunnensa na nan a bargon Sahiya,
hularsa ta tafi Jiratawa cikin kayan wata amarya.

Bara jikata Rumasa'u ta dawo daga lakwal
ta miƙo mini salula.
Kaka, irin wannan ake yayi,
ruwan toka da ruwan madara, layi a miƙe,
ba fure, ba tsuntsu, ba tauraro.
Naki ya cika hayaniya, sai ka ce tashar Jibiya.
Na ce, wannan ai zaman makoki ne aka ɗinka.
Ta ce, jika goma ake sayensa.

Na yi shiru. Jika ta yi maganar jika.

Na ɗinka. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau,
irin kyan ɗakin da ba a taɓa yin baƙi ba.
Bakwai na sayar kafin azumi,
na biya bashin gero, na sake wa keke bel.
Ja da kore suka koma ƙasan gado,
suna jiran ranar da ban sani ba.

Shekaranjiya mota ta tsaya a ƙofar gida.
Wata mai tabarau daga Yamai,
ta wuce tokar, ta wuce madarar, ko taɓawa,
ta tsaya a bakin akurki
inda tsohon bargon Inna Cima ke tare wa kaji iska.
Wannan, in ji ta. Wannan ake nema yanzu.
Akwai irinsa ashirin?

Rumasa'u ta dube ni, na dubi kaza.

Ban sayar ba.
Ba don kuɗin sun yi kaɗan ba, sun kai.
A kusurwar hagu akwai shuɗi, faɗin tafin hannu,
guntun zanen da na goya uwar Rumasa'u da shi
shekarar da gulbi ya cinye mana gonar rogo.
Wannan ba ya cikin ciniki.

Amma na ce ta dawo bayan Sallah.

Daren jiya na jawo buhun ƙasan gado.
Idona ya daina ganin kafar allura,
yarinyar ce ke zura mini zare.
Ta ɗauki ja, ta ɗora kan kore,
ta ɗage, ta juya shi, ta sake ɗorawa.
Kaka, nan ya yi?
Na ce, matsa da shi kaɗan,
bar wa ɗorawa wuri.